Kuɗin kayan kwance bam: ina suke shiga, kuma me ya sa rabin kayan kan koma kwance a sito?

Malam Nuhu:
Assalamu alaikum. Ina so masu sani su warware mini wani abu. Duk lokacin da aka karanta kasafin kuɗin tsaro, a kowace ƙasa, za ka ga layin kayan yaƙi da bama-bamai haɗin gida: mutum-mutumi kaza, rigunan kariya kaza, motoci masu jure nakiya kaza. Bayan shekara biyu ko uku kuma sai ka ji rundunar tana kukan ba ta da kayan aiki. Kuɗin ne ba sa isa, ko kuwa inda ake zuba su ne ba daidai ba?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Nuhu. Galibi na biyun ne. Farashin saye shi ne ƙaramin ɓangare na abin da na'ura za ta ci a rayuwarta. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Amurka ya sha faɗa cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da manyan kayan yaƙi ke ci yana tafiya ne wajen aiki da su da kula da su, ba wajen saye ba.

Ɗauki mutum-mutumin kwance bam matsakaici, mai kilo 50 zuwa 75, irin su TALON ko Centaur. Abubuwan da ke fara mutuwa a jikinsa sanannu ne. Batir na farko. Batir ɗin lithium yana raguwa da kowane caji, bayan 'yan ɗaruruwan caji ya gaji, kuma in an bar shi cike a kwantenar ƙarfe cikin zafi yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. Na biyu robar sarƙar ƙafa, wadda tsakuwa da baraguzan gini ke ci. Na uku giyoyin gwiwar hannu, don yashi na shiga, kuma masu tuƙi kan ɗaga abin da ya fi ƙarfin hannun. Na huɗu kyamarori da wayoyinsu. Na biyar zaren gilashin da ake tuƙa shi da shi idan rediyo ba ya aiki. Ya harɗe a taya sau ɗaya, ya tsinke.

Ba ɗaya cikin waɗannan da ke da tsada in ka kwatanta da na'urar kanta. Amma ko wanne ya ɓace, na'urar ta zama gunki.

Malam Nuhu:
To ai wannan lissafi ne da kowa zai iya yi. Me ya hana a sa shi a kasafin?

Hajiya Rabi:
Malam, abin da ya hana shi ne yadda ake raba asusun. Kuɗin saye daban, kuɗin gudanarwa daban, kuma ba ka isa ka ɗebi wannan ka toshe wancan ba sai da izinin majalisa. A Amurka ma kowane asusu da wa'adinsa: kuɗin gudanarwa da gyara shekara 1 ne, na bincike da ƙirƙira shekara 2, na sayen kaya shekara 3. Saboda haka wanda ya sa hannu a kan sayen mutum-mutumi ba shi ne zai nemo kuɗin batirinsa baɗi ba. Wani ofishi ne daban, kuma a can batir ɗin yana gogayya da man mota da abincin sojoji da gyaran bariki. Ka san wanda zai sha ƙasa.

Sannan akwai siyasa. Ana iya jera sabbin motoci a fili a kira 'yan jarida. Ba wanda ke kiran 'yan jarida don an sayo akwatin giyoyi.

Manjo Lawal (mai ritaya):
Na yarda da Hajiya, amma kada a ɗauka sayen manyan kaya duk ɓarna ne. A 2007 Robert Gates, sakataren tsaron Amurka na lokacin, ya sa motocin MRAP, wato motoci masu sulke masu jure nakiya, a gaban komai. Shirin ya ci sama da dala biliyan 40. Ƙasan motar mai siffar V yana karkatar da ƙarfin fashewa gefe, ga tsayi daga ƙasa, ga kujeru da ba a manne su da daɓen motar ba. Sojojin da da sun mutu a ƙananan motocin soja na Humvee sun fita da rai. Wannan kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan yaƙin. Motocin nauyi gare su, suna kifewa a gefen magudanan ruwa, gadoji da yawa ba sa ɗaukarsu, kuma an sayo su daga kamfanoni daban-daban, kowanne da nasa kayan gyara. Da aka zo janyewa daga Afghanistan, wasu yanka su aka yi aka sayar a matsayin ƙarafa, don kuɗin dawo da su ya fi amfaninsu.

Dakta Hadiza:
Ranka ya daɗe, MRAP kariya ce, ba kwance bam ba ce. In ana maganar kuɗin gano bam da kwance shi, misalin da ya fi dacewa shi ne JIEDDO, hukumar da ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa a 2006 musamman don wannan matsala. Zuwa 2011 an ba ta sama da dala biliyan 18. Masu binciken kuɗi sun yi ta sukarta cewa ba ta da cikakken jerin ayyukan da rassan soja ke yi a wannan fanni, har ana biyan kuɗin abu iri ɗaya a wurare daban-daban.

Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da shugabanta, Laftanar Janar Michael Oates, ya faɗa a 2010: sojoji da na'urorinsu suna gano kusan rabin bama-baman da aka binne, amma idan suna sintiri a ƙafa tare da karnuka adadin yana kaiwa kashi 80. Bayan duk biliyoyin nan, hancin kare ne a gaba.

Sadiq A.:
Dakta, wannan maganar ta kare an cika yawo da ita kamar ta kashe baki. In haka ne a daina sayen na'ura a sayi karnuka mana.

Dakta Hadiza:
A'a, Sadiq, ba haka nake nufi ba, kuma kare ma ba arha ba ne. Horonsa wata da watanni ne. Yana buƙatar mai riƙe shi guda ɗaya da ya saba da shi, da likitan dabbobi, da ɗaki mai sanyi, da mota mai sanyi. A zafin rana aikinsa na gajeren lokaci ne, don da zarar ya fara haki da baki shaƙar ƙamshinsa ta ragu. Kuma dole a riƙa maimaita masa horo kowane mako da samfurin abubuwan fashewa na gaske, irin waɗanda abokan gaba ke amfani da su a wannan fagen. Samfuran nan in aka adana su wuri ɗaya ƙamshinsu na cakuɗewa, sai karen ya koyi cakuɗen maimakon kowanne shi kaɗai. Ka ga shi ma yana da nasa "kayan gyara". Rundunar da ta kasa sayen batir za ta kasa riƙe kare.

Abin da maganar Oates ta nuna shi ne a gwada kowane abu da ma'auni ɗaya kafin a biya: kashi nawa yake ganowa, ƙararrawar ƙarya nawa yake bugawa a kowane murabba'in mita, kuma a irin wace ƙasa.

Injiniya Bashir:
Bari in tsaya a kan ƙararrawar ƙarya, don a nan ake asarar lokaci da rayuka. Na'urar gano ƙarfe ta hannu tana kuka a kan duk ƙarfe: kwanson harsashi, ƙusa, murfin kwalba, ɓarɓashin gurneti. A wurin da aka yi faɗa, ana iya tona ɗaruruwan wurare kafin a sami bam ɗaya. Mai bincike in ya tona tamanin bai ga komai ba, na tamanin da ɗaya zai yi masa sakaci. Sannan akwai ƙasa mai jan ƙarfe, wadda ita kanta ke sa na'urar kuka, sai an daidaita ta da ƙasar wurin kafin a fara, a sake daidaitawa duk lokacin da launin ƙasar ko damshinta ya sauya.

Da aka fara binne bama-bamai masu ƙarancin ƙarfe, sai aka koma na'urori masu kai biyu, gano ƙarfe haɗe da rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa: AN/PSS-14 na Amurka, da Minehound na kamfanin Vallon. Radar ba ƙarfe take nema ba, bambanci take gani tsakanin ƙasa da abin da aka binne. Amma tana da nata sharuɗɗa. Kan na'urar ya kasance kusa da ƙasa, santimita kaɗan, a tsayi ɗaya. Kada a yi saurin lilo. Kowane zagaye ya hau rabin na baya. Jiƙaƙƙiyar laka mai gishiri tana shanye siginar, saiwar bishiya da dutse kuma suna yaudararta. Kunnen mai aiki ne ke bambance sautin, kuma wannan ƙwarewar tana zubewa cikin 'yan watanni in ba a maimaitawa.

Saboda haka duk kasafin da ya sayi na'ura 200 bai sa filin atisaye mai layuka da aka binne bama-baman koyo a zurfi daban-daban ba, bai sa kuɗin jarraba kowane soja kafin a tura shi ba, to sanduna 200 ya saya.

Manjo Lawal (mai ritaya):
Injiniya, "sanduna" da ka ce ta tuna da ADE 651. Wannan dai ya kamata kowane jami'in kwangila ya haddace shi. Wani ɗan Birtaniya, James McCormick, ya ɗauki abin wasan neman ƙwallon golf da bai fi dala 20 ba, eriya ce kawai a kan mariƙin roba, ba batir ba komai, ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe a matsayin na'urar gano bam a kan dubban daloli kowanne. Iraƙi kaɗai ta kashe miliyoyi masu yawa. Birtaniya ta hana fitar da shi zuwa Iraƙi da Afghanistan a farkon 2010, kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10 a 2013. Amma an ci gaba da riƙe abin a shingayen Bagadaza har Yulin 2016, lokacin da bam ɗin unguwar Karrada ya kashe mutane sama da 300, sannan Firaminista Haider al-Abadi ya ba da umarnin a janye shi. Ihu bayan hari.

Gwajin da zai tona asirinsa ba ya cin rana ɗaya. Akwati goma, samfuri a ɗaya, wanda ya ɓoye ya fita, mai riƙe da na'urar da mai rubuta sakamako duk ba su san akwatin ba, a maimaita sau ashirin ko talatin. In bai wuce abin da canki-canka zai bayar ba, wato ɗaya cikin goma, magana ta ƙare. Dillali ba ya shiga ɗakin. Dillali ba ya kawo samfurinsa.

Sadiq A.:
Duk na ji. Amma kuna magana kamar fasaha ba ta ci gaba. Birtaniya ta ba kamfanin Harris kwangilar da ta kai fam miliyan 55 a 2017 don mutum-mutumin T7, wanda mai tuƙi ke jin abin da hannun ya taɓa a tafinsa. Wannan ai yana rage sau nawa mutum zai taka da ƙafarsa zuwa kan bam. Akwai kuma ƙananan jirage marasa matuƙa da ke leƙa hanya kafin kowa ya matsa. Ni a ganina a nan ya kamata kuɗi su tafi.

Injiniya Bashir:
T7 na'ura ce mai kyau, ba musu. Amma nauyinsa ya wuce kilo 300. Sai da mota ta musamman mai gangara. Aikinsa motar da aka ɗana wa bam a kan titi, inda zai fasa gilashi, ya buɗe but, ya jawo kaya mai nauyi. Ba ya shiga tsakanin kujerun jirgi ko bas, ba ya bin sojan da ke tafiya a ƙafa cikin daji. Shi ya sa Birtaniyar ta dawo a 2024 ta yi odar ƙaraminsa, T4, guda 50 a kan fam miliyan 21. Runduna tana buƙatar aji uku: ƙarami da soja zai goya a jaka, matsakaici da mutum biyu za su ɗaga, da babba. Ƙasar da kuɗinta kaɗan ne, matsakaicin zai yi mata yawancin aiki.

Kuma a tuna asalin abin. Mutum-mutumin Wheelbarrow na farko, wanda Laftanar Kanar Peter Miller na Birtaniya ya haɗa a 1972 don Ireland ta Arewa, daga ƙasan baro mai batir aka yi shi. An riƙa gyara shi ne bisa abin da masu aiki suka dawo suka faɗa. Kusancin makaniki da mai aiki shi ya sa ya yi nasara.

Hajiya Rabi:
Sadiq, ga lissafi mai sauƙi. A ce kana da kuɗin mutum-mutumi 40. In ka saye 40 ɗin cif, bayan wata 18 ƙila rabi ne ke tafiya, kuma makanikai sun fara farke matattu don su rayar da sauran. In ka sayi 26 ko 28, ragowar kuɗin ka sa a kayan gyara na shekara 3, batir saiti uku ga kowanne, makanikai da aka horar a kamfanin, da garejin gyara kusa da fagen aiki, waɗanda ke kan ƙafafunsu za su fi na mai 40 yawa. A Iraƙi Amurkawa sun kafa cibiyar gyaran mutum-mutumi a Bagadaza: ka kawo wanda ya lalace, in bai gyaru nan take ba a ba ka wani ka koma aiki. Wannan yana nufin ka ajiye wasu na musanya da ba a raba wa kowa ba, kuma kwamandoji ba sa son ganin kaya a ajiye.

Abubuwan da ya kamata a rubuta a kwangila: kashi nawa na na'urorin kamfani ya lamunce za su kasance cikin shiri a kowane lokaci, kwana nawa tsakanin odar kayan gyara da isowarsu, littattafan gyara da na'urar gano matsala su zama mallakin rundunar, farashin kayan gyara a ɗaure shi na wasu shekaru, sannan lasisin fitarwa. Kayan Amurka da yawa suna ƙarƙashin dokar ITAR mai taƙaita fitar da kayan yaƙi, ko kyamarar zafi ɗaya ce ta mutu sai an jira izini daga Washington. Kayan da aka samu kyauta daga ƙasashen waje nan suka fi ciwo, don sukan zo ba tare da ko ɗaya daga waɗannan ba.

Malam Nuhu:
Na'urorin toshe sigina fa? Na ji ana cewa su suka fi ceton rayuka.

Manjo Lawal (mai ritaya):
Sun ceta, Malam. Na'urorin Amurka irin su Warlock da Duke da 'yan uwansu sun kusa kashe bam mai tashi da rediyo a Iraƙi. Sai abokan gaba suka koma waya da aka ja daga nesa, da wanda taku ke tayarwa, waɗanda toshe sigina bai shafe su ba. Ka ga tsugune ba ta ƙare ba.

Na'urar toshewa akwati ne kawai. Ranta shi ne jerin mitocin rediyon da aka loda mata don ta toshe. In abokin gaba ya sauya abin da yake amfani da shi, ba a sabunta jerin ba, fitila za ta ci gaba da nuna kore, sojoji su saki jiki, alhali ba ta kare komai. Wannan ya fi rashinta muni. Sabuntawar tana buƙatar injiniyoyin rediyo, da ɗakin gwaji, da izinin kamfani na shiga manhajar. Sannan tana toshe rediyon rundunar kanta da na mutum-mutuminta in ba a tsara mitoci ba. Dalilin zaren gilashin da Injiniya ya ambata ke nan. Tana shan wuta sosai, sai an sauya wa mota janareton caji. Eriya ta karye ko wayarta ta kwance, kariyar ta ragu ba wanda ya sani, sai in akwai ɗan abin gwaji da ake zagaya motar da shi kafin fita.

Dakta Hadiza:
Kuma daga ina jerin mitocin zai fito in ba a tattara shaida ba? Wannan ne layin da ake fara yankewa a kasafi. In ƙwararre ya tarwatsa bam gaba ɗaya, hanya ta buɗu amma ba a koyi komai ba. In ya ɗauki hotonsa da na'urar hoton ƙashi ta tafi-da-gidanka, ya ga inda batir da wayoyi suke, ya harba masa bindigar ruwa ta raba sassan kafin ya tashi, to akwai abin kai wa ɗakin bincike: zanen yatsa a jikin tef, ƙwayoyin halitta, lambobin sassan lantarki, salon haɗin da ke nuna hannun mutum ɗaya. Amurka ta kafa cibiyar TEDAC a ƙarƙashin FBI a 2003 don wannan aikin. Masu haɗa bam ba su da yawa. Kama ɗaya ya fi kwance hamsin.

Bindigar ruwan nan, irin PAN da ɗakin binciken Sandia na Amurka ya ƙirƙiro, bututu ne mai sauƙi, amma kowane harbi na cin harsashi na musamman, kuma atisaye na cin fiye da aiki. Na'urar hoton kuma faifanta mai saurin fashewa ne, faɗuwa ɗaya ta isa.

Sadiq A.:
To riga fa? Ita dai ba batir ba manhaja, a saya a huta.

Injiniya Bashir:
Tana da batir, Sadiq. Hular tana da fanka mai hana gilashi yin hazo, da fitila, da na'urar magana. Riga irin EOD 9 da hularta ta wuce kilo 30. A zafi, minti 20 zuwa 30 mutum ya fara rasa natsuwa, hannu na rawa, saboda haka sai da rigar sanyi ta ciki mai zagaya ruwan ƙanƙara, sai kuma abin yin ƙanƙarar a mota. Zaren aramid na ciki, wanda ke tare ɓarɓashi, yana raunana da gumi da rana da ninkewa, kamfani na ba shi wa'adi, bayan nan ba wanda zai lamunce maka. Gilashin hula in ya karce dole a sauya. Girma ma matsala ce: an sayo manya duka, ga ƙwararre siriri, farantin ƙirji ya sauko ya bar wuya a buɗe. Kuma rigar an yi ta ne don ɓarɓashi da zafi da bugun iska na ƙaramin bam. Hannuwa a waje suke, babban bam kuwa ba rigar da ke tare shi.

Manjo Lawal (mai ritaya):
Akwai abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma ya fi duk waɗannan tsada: mutumin da ke cikin rigar. A makarantar haɗin gwiwa ta Amurka da ke sansanin Eglin a Florida, kwas na farko kaɗai wata da watanni ne, kuma da yawa ba sa gamawa. Bayan nan sai shekaru na aiki kafin ya zama shugaban tawaga. Sai kuma a ɗauke shi a kai shi aikin ofis saboda ƙarin girma ya zo, ko kamfanonin share nakiya su ɗauke shi da albashin da soja ba zai iya biya ba. Alawus na riƙe ƙwararru, da tsani na girma a cikin fannin kansa, kuɗinsu bai kai na mota ɗaya mai sulke ba a shekara ga ƙaramar runduna, amma suna asusun ma'aikata ne, wato asusu na uku da bai san da sauran biyun ba.

Malam Nuhu:
Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe ga Hajiya: ɗan majalisa ko ɗan jarida da aka ajiye wa kasafin a gaba, me zai tambaya ya gane gaskiya?

Hajiya Rabi:
Kada ya tambayi nawa aka saya, za a ba shi adadi mai daɗi. Ya tambayi nawa ne suka tashi suka yi aiki a watan jiya, rukuni-rukuni. Tawaga nawa ke da cikakken saiti, wato mutum-mutumi da riga da na'urar hoto da bindigar ruwa da na'urar toshewa a lokaci ɗaya, don tawagar da ta rasa ɗaya ba tawaga ba ce. Yaushe aka sabunta jerin mitoci na ƙarshe. Riguna nawa wa'adinsu ya wuce. Odar kayan gyara mafi daɗewa da ba ta iso ba, kwananta nawa. In aka ce masa sirrin tsaro ne, ya nemi zaman sirri na kwamiti, a kawo littafin da makanikai ke rubuta gyare-gyare, ba takardar da hedikwata ta shirya ba.

Sadiq A.:
Har yanzu ina kan bakana game da jirage marasa matuƙa, ba wanda ya ba ni amsa. Injiniya, kyamarar zafi tana ganin ƙasar da aka tona ko ba ta gani?

Injiniya Bashir:
Tana gani, amma ba a kowane lokaci na yini ba, sai lokacin da ƙasar da aka tona da wadda ba a taɓa ba suke ɗumi ko hucewa ba tare ba.  Ruwan sama ɗaya ko ciyawa mai kauri sun shafe alamar, kuma wanda ya daɗe a binne ba ya nunawa. Sai kuma ka sa kuɗin mutumin da zai zauna ya kwatanta hoton yau da na jiya, da mitar da na'urar toshewarku ba za ta kayar da jirgin ba.